Daga na uku ya koma na 31: me uwa za ta riƙa yi kullum idan ɗanta ya shiga ƙaramar sakandare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa 12, ya gama firamare bara, yanzu yana aji ɗaya a ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. A firamare ba ya wuce na uku, amma da aka ba da sakamakon zangon farko sai ga shi na 31 cikin yara 74. Mahaifinsa fatauci yake yi, ba ya zama, ni kuma iyakar bokona aji shida. Babansa ya ce a ɗaukar masa mai lesin, kawunsa ya ce bulala ce ta yi masa kaɗan, ni kuma ina tunanin a sauya masa makaranta. Ga ƙanwarsa tana aji biyar, ba na so ita ma ta faɗa wannan ramin. Me zan riƙa yi a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Na yi shekara sama da ashirin ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma yawancin shekarun nan ni ne fom masta, wato malamin da ke kula da ajin, na 'yan aji ɗaya, don haka irin wannan takardar sakamakon ta sha bi ta hannuna, haka ma irin wannan fargabar ta iyaye. Abin da zan fara roƙonki shi ne a dakata da duka shawarwarin ukun, daga lesin har bulala har sauya makaranta. Kowacce magani ce, amma har yanzu ba wanda ya duba abin da ke damun yaron.

Shi wannan 31 ɗin kada ya hana ki barci. A firamare ya zo na uku ne cikin 'yan unguwarku. Yanzu an kwaso yara daga firamare biyar ko shida an zuba su aji ɗaya, kuma kowace firamare ta zo da nata na ɗaya da na biyu da na uku. Lambar matsayi labarin sauran yaran take ba ki, ba labarin ɗanki ba. Labarinsa yana cikin ƙananan layukan nan da iyaye ba sa kallo, wato makin kowane darasi, da makin gwaje-gwajen cikin zango, da yawan kwanakin da ya halarta. Ki ɗauko takardar ki ajiye kusa, za mu dawo kanta.

A takardun gwamnati, aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba wani sabon mataki ba ne. Tun 1982 aka fara aiki da tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, wato ilimin tushe ga kowa, a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, sai aka ɗinke shidan farko da ukun da ke binsu suka zama ilimin tushe na shekara tara, kyauta kuma wajibi. Ta wannan lissafin ɗanki yana shekara ta bakwai ne kawai, kamar a ce aji bakwai. Amma a wajen yaro ba haka abin yake ba. A firamare yana da malamin aji wanda yake wuni da shi, ya san muryarsa, ya san rubutunsa, ya san ranar da bai karya ba, wataƙila ma ya san ƙofar gidanku. Da ya shigo wajenmu sai ya tarar da darussa sun haura goma, kowanne da malaminsa, kowane malami minti 35 ko 40 zai yi ya fita, wani ya shigo. Akwai shekarun da nake shiga aji biyar, kowanne da yara irin adadin da kika faɗa. Ki lissafa. Wallahi sai an shiga zango na biyu nake iya haɗa sunayen wasu da fuskokinsu, kuma waɗanda nake fara sani su ne masu ƙoƙari ƙwarai da fitinannu ƙwarai. Yaro mai shiru-shiru, mai matsakaicin ƙoƙari, yana iya shekara guda ba malamin da ya kira sunansa sai wajen kiran rajista.

To wannan shi ne abin da ya sauya. A da akwai mutum ɗaya a makaranta da idonsa ke kan yaron gaba ɗayansa, yanzu babu, kuma ba za a samu ba sai dai a gida. Ke ce za ki hau wannan kujerar. Kada kuma ki ce bokonki bai kai ba, don aikin ba koyarwa ba ne, dubawa ne.

Ki fara da jaka. Kullum idan ya dawo ya ci abinci ya huta, ki ce ya kawo jakarsa ya zazzage a gabanki. A bango ki liƙa jadawalin darussansa, wanda muke ce wa taim tebur, ya kwafo shi da hannunsa. Idan yau Talata ce kuma jadawali ya nuna lissafi da Turanci da kimiyya da Hausa da addini, to littattafan nan biyar za ki buɗe. Abu uku kike nema, kuma duk ba sa buƙatar Turanci. Na farko kwanan wata: a saman shafi akwai kwanan watan yau? Na biyu yawan rubutu: ya cika shafi ko layi uku ya yi ya tsaya? Na uku jan biro: yaushe rabon da malami ya taɓa littafin? Idan babu rubutun yau, ki tambaye shi cikin ruwan sanyi. Zai ce malamin bai shigo ba. Sau da yawa gaskiya ne. Amma idan malamin lissafi "bai shigo ba" sau uku a mako, to ko dai malamin ne ba ya shiga ko ɗanki ne ba ya shiga, kuma kowanne ne ya kamata ki sani. Ki kuma tabbatar kowane darasi da littafinsa. Yaron da ke cusa darasi huɗu cikin littafi ɗaya ba zai iya bita ba ranar jarrabawa, kuma malami ba zai karɓi littafin ya duba ba. Ki rubuta sunansa da ajinsa a bangon kowanne, har da cikin takalmi da wuyan riga, don a ajin mutum saba'in kaya suna da ƙafa.

Ba zan manta wata baiwar Allah ba, mai sayar da awara, wadda ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Ta zo ofishin malamai da littafin ɗanta a cikin leda, ta buɗe, ta ɗora yatsa a wani shafi ta ce: "Malam, daga nan zuwa nan duk baƙi ne, babu ja. A baya kuwa duk bayan shafi biyu akwai ja. Shi ne ba ya kaiwa ko ku ne ba kwa dubawa?" Muka bincika, ashe malamin darasin an yi masa sauyin wajen aiki mako uku da suka wuce, monita ne ke rubuta musu a allo suna kwafa, ba wanda ya kai maganar sama. Matar da ba ta iya karanta harafi ɗaya a shafin ba ita ta gano mana giɓin da mu masu takardun shaida muka yi mako uku muna wucewa ta gefensa.

Yanzu ɗauko takardar sakamakon. A gaban kowane darasi za ki ga gida biyu ko uku kafin jimla. Na ƙarshe shi ne jarrabawar ƙarshen zango, na farkon su ne C.A., wato makin tes da aikin gida da duba littafi da ake tarawa tun daga makon farko. Makarantu da yawa suna ba C.A. maki 40, jarrabawa 60, wasu 30 da 70. Ga yara biyu, kowanne ya ci 35 cikin 60 a jarrabawa, kansu ɗaya ke nan. Na farko ya rubuta tes duka, ya kai aikin gida, ya tara 30, jimla 65. Na biyu ya yi fashi ranar tes ɗaya, bai kai aikin gida ba, ya tara 8, jimla 43. A ajin mutum 74 wannan tazarar kaɗai, idan ta maimaitu a darasi biyar, ta isa ta ɗauke yaro daga goman farko ta jefa shi cikin talatin. Yaran da suka fito daga firamare ba su san wannan ba, sun saba a yi karatu mako biyu kafin jarrabawa a ci. Idan kika ga makin jarrabawarsa da dama-dama amma C.A. ya zube, to kansa lafiya lau, tsarinsa ne ya lalace, kuma wannan albishir ne don shi ya fi sauƙin gyara. Idan kuwa duka biyun a ƙasa suke, musamman a lissafi da Turanci, to sai a leƙa tushe.

Leƙa tushen ma a tsakar gida za ki iya. Ki tambaye shi bakwai sau takwas, shida sau tara, takwas sau takwas. Idan ya amsa nan take, madalla. Idan ya fara ƙirga yatsu ko zana sanduna a ƙasa, kin kama ɓarawo ɗaya. Lissafin aji ɗaya, da rabe-raben lamba da nemo lambar da aka ɓoye a bayan harafi, duk a kan haddar sau yake zaune. Yaron da ke ɓata minti biyu kafin ya gano 56 ba zai bi malami ba, kafin ya ɗago an share allo. Maganinsa minti goma kullum, da baki, kina tankaɗe yana amsawa, gida ɗaya a mako. Yaran da suka haddace izu-izu a allo ba haddar sau ce za ta gagare su ba.

Sai Turanci, wanda shi ne babban ɓarawon. An yi shekara da shekaru manufar ilimi ta ƙasa tana cewa a koyar da harshen gida a shekaru ukun farko, daga aji huɗu a koma Turanci. A aikace firamare da yawa da Hausa ake bayani har a gama aji shida, jarrabawa kuma a ba yaro abin da ya haddace. A sakandare kuwa littafin da Turanci, rubutun allo da Turanci, tambayar jarrabawa da Turanci. Na sha ganin yaro ya faɗi tambayar lissafi, in fassara masa da Hausa ya amsa kafin in rufe baki. Ki ba shi littafinsa na Turanci, ki zaɓi sakin layi ɗaya wanda ba a yi musu a aji ba, ya karanta a bayyane, sannan ya rufe littafin ya gaya miki da Hausa abin da aka ce. Ko ba kya jin kowace kalma, kunnenki zai bambance mai karatu da mai tuntuɓe. Idan ya karanta sumul amma ya kasa ba ki labarin, to furuci ya iya, ma'ana ba ta shiga, kuma ana yawan samun haka. Ki sa wani yayansa ko ɗan maƙwabta da ke babbar sakandare ya zauna a gwajin nan sau ɗaya don ya tabbatar miki.

Akwai wani abu kuma da ba a kawowa a rai. Wani yaro da na taɓa riƙewa, littafinsa cike da kurakurai masu ban mamaki, 3 ta koma 8, layi guda ya ɓace a tsakiya. An yi ta dukansa a kan sakaci. Wata rana ina rubutu na waiwayo na gan shi ya ƙanƙance ido kamar mai kallon rana, sannan ya leƙa littafin na kusa da shi. Ashe allon ba ya gani, daga maƙwabcinsa yake kwafa, har da kuskuren maƙwabcin. A firamare a gaba yake zama, shi ya sa ba a gane ba. A nan dogayen yara suka tura shi baya. Na dawo da shi layin farko, mahaifinsa ya kai shi asibiti aka ba shi tabarau. Ki tambayi ɗanki a ina yake zama, a kan benci ko a ƙasa, gaba ko baya, kusa da wa. Ki tsaya da shi a ƙofar gida ki nuna masa wani rubutu daga nesa, ki gwada shi da ƙanwarsa ki ga wa zai riga karantawa.

Barci kuma. Likitoci suna cewa yaro mai shekarunsa yana buƙatar aƙalla awa tara. Idan ana tashinsa sallar asuba, ki ƙirga baya ki ga ƙarfe nawa ya kamata ya kwanta. Yaranmu kuwa ranarsu a cike take: boko da safe, Islamiyya bayan la'asar, wasu ga allo bayan magariba, ga aike, ga ɗebo ruwa. Ba na ce a rage karatun addini ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake a zauna a yanka wa aikin boko lokacinsa sananne, ko da minti 40 ne, wanda ba a aikensa a ciki, ko da kuwa gishiri ne ya ƙare. Ni na fi son tsakanin azahar da la'asar, ko bayan isha'i kai tsaye idan akwai fitila. Abin da ke cinye daren yara maza a wannan shekarun shi ne gidan kallon ƙwallo. Wasannin zakarun Turai na Talata da Laraba yawancinsu sai takwas ko tara na dare ake take su, kafin a tashi a yi musu a dawo gida sha ɗaya ta yi. Ba sai an gaya mini an yi wasa jiya ba, kawunan da ke kan benci a darasin farko su ke gaya mini. A bar masa na Asabar da rana, na dare a hana. Wayarki ma kada ta kwana a hannunsa da sunan zai duba aikin gida.

Latti kuma ya fi yadda iyaye ke zato tsada. Makarantu da yawa lissafi da Turanci suke sawa a farkon jadawali, lokacin da kai yake sabo. Yaron da ya makara za a tsare shi a bakin ƙofa, a sa shi tsintar leda ko shara, kafin ya shiga aji darasin farko ya wuce. Kullum yana zuwa makaranta, amma lissafi sau biyu yake gani a mako. Don haka a daren ake wanke yunifom, a daren ake shirya jaka bisa jadawalin gobe, a daren ake neman safa. Da safe ya sa wani abu a cikinsa, ko ɗumame ne ko koko da ƙosai. Shirin ciyarwar gwamnatin tarayya tun asali 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare aka yi wa, bai taɓa isowa wajenmu ba, kada a dogara da shi. Kuɗin tara kuma ki riƙa tambaya me ya saya. Idan yaro ya dawo da yunwa kamar bai riƙe ko sisi ba, ko ya fara neman ƙari ba dalili, ko ya fara ciwon ciki kullum da safe wanda ke warkewa da hantsi, ki yi zargin wani siniya na ƙwace masa. Ba zai faɗa ba, don an yi masa barazana kuma yana jin kunya. Ki tambaye shi ta gefe: su wa ake tsoro a makarantarku? Haka kuma idan kika ga rigar gida a ƙasan jaka, wannan ba ta sanyi ba ce, ta sauyawa ce a hanya.

Sai zuwa makaranta, wanda na san yana yi wa iyaye mata nauyi. Ki je. Kada ki jira ranar taron iyaye da malamai, kada kuma ki jira sai an aiko. Mako na huɗu ko na biyar na zango shi ne daidai, an yi tes na farko kuma akwai sauran lokacin gyara. Ki nemi fom masta na ajinsu, ba shugaban makaranta ba. Ki gaisa, ki ce ke ce mahaifiyar wane, ki roƙi ya buɗe miki rajista ki ga kwana nawa ya yi fashi da kwana nawa ya makara, ki tambayi da wa yake yawo, ki karɓi lambar wayarsa. Minti goma sun isa. Zan gaya miki wani sirrin malamai: yaron da aka san uwarsa na zuwa, ana kallonsa daban. Ba son kai ba ne, ɗabi'ar mutum ce, cikin fuskoki saba'in wannan ta samu suna. Lambar wayar kuma za ta yi miki amfani ranar da ya zo ya ce an ce a kawo kuɗin kaza. Wani lokacin gaskiya ne, wani lokacin rabinsa ne gaskiya. Duk abin da kika biya ki nemi rasit. Idan ba za ki iya zuwa ba, a tura kawun nan nasa, ya kai ƙarfinsa can ya fi amfani.

Kowane zango da cutarsa. Na farko yana farawa a Satumba, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙamari, gidan sauro ya zama dole, kuma idan jikinsa ya yi zafi a yi gwaji kafin a ba da magani. Ya yi kwana uku a kwance, a aika wa fom masta, kuma da ya warke ya ari littafin abokinsa ya cike giɓin a makon, ya tambaya ko an yi tes a bayansa. Yawancin malamai za su sake yi masa idan an zo da wuri, ba wanda zai saurare shi bayan an tattara maki. Zango na biyu hunturu ne a farkonsa, rigar sanyi da man shafawa, ƙarshensa kuma zafin Maris da Afrilu, a ba shi gorar ruwa. Lokacin sanƙarau ke nan: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba na jiƙo ba ne, asibiti ne a ranar.

Wani abu da ba ya da alaƙa da maki amma yana cizon mutane daga baya shi ne suna. Ki duba yadda aka rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a rajistar makaranta, ki gwada da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Harafi ɗaya ya bambanta, ko an sa sunan kaka a maimakon na uba, a gyara yanzu. A aji uku da wannan sunan za a yi masa rajistar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, daga nan ya bi shi zuwa WAEC da NECO, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Gyaran da yau biro ɗaya zai yi, nan da shekara shida sai an je kotu an yi rantsuwa.

Yanzu shawarwarin nan uku. Mai lesin yana da amfani idan an san me aka ɗauke shi ya gyara. "Ka koya masa karatun Turanci da haddar sau, wata uku, zan gwada shi" aiki ne. "Ka yi masa lesin" kuwa yawanci ƙarewa yake mai lesin ya yi masa aikin gida, littafi ya yi kyau, kai ya zauna yadda yake. Sauya makaranta ban goyi baya ba a yanzu. Yaron bai gama sabawa da wannan ba za a sake jefa shi cikin baƙi, kuma zuwa na biyar a ajin mutum goma sha biyar ba lallai ne ya fi na 31 cikin 74 ba. Idan kin bi littattafansa zango guda kika tabbatar malamai ba sa shiga, kin kai kuka ba a gyara ba, to a lokacin da hujjarki a hannu. Bulala kuwa, ki gaya wa kawu da girmamawa, ba ta taɓa koya wa yaro bakwai sau takwas ba. Abin da na ga tana koyarwa shi ne ɓoye takardar sakamako da gyara 3 ta koma 8 da biro. Ƙarya da fashi da gangan suna da hukuncinsu, wannan tarbiyyar gida ce, ba zan shiga ba. Amma rashin ganewa ba laifi ba ne. Shi kuma mahaifinsa, duk inda fatauci ya kai shi, ya kira ranar Juma'a ya tambayi abu ɗaya takamaimai, "nawa ka ci a tes ɗin lissafi?", ba "yaya karatu?" ba, wadda amsarta kullum lafiya lau ce.

Ita ƙanwar tana wajen da gyara ya fi arha. Aji huɗu zuwa shida su ne tsakiyar ilimin tushe, kuma duk ramin da na lissafa a nan ake haƙa shi. Gwajin karatu da na sau ɗin nan ki yi musu tare, za ma su yi gasa. Ki fara saba mata da shirya jakarta da kanta. Idan akwai talla a gidan kada ta ci lokacin safe. Kuma ki yi mata maganar al'ada tun kafin ta zo, ki sa mata ƙyalle ko audugar mata a jaka, don na ga 'yan mata da yawa masu ƙoƙari suna ɓacewa kwana huɗu duk wata, ba wanda ya tambaya, su kuma ba za su gaya wa malami namiji ba. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa kyauta, ki tambaya a asibitin unguwarku.

Shekara ukun nan gajeru ne. A ƙarshensu ne ake raba hanya, wa zai yi kimiyya, wa zai yi fasaha, wa zai yi sauran fannoni. Idan a Kano kuke, makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe tun 1977, da jarrabawa ake shigarsu bayan aji uku, kuma lissafi da Turanci da kimiyyar da ake tambaya daga aji ɗaya suka faro.

Ki yi mako biyu kina duba jaka, ki yi gwajin nan biyu, ki je ki ga rajista. Sannan ki sake rubuto mini makin C.A. da na jarrabawa na lissafi da Turanci daban-daban, da kwanakin fashinsa, da gidan sau ɗin da ya fara tuntuɓe a kai. Da waɗannan zan iya gaya miki ko mai lesin ake buƙata ko tabarau ko kuwa kwanciya da wuri.